Jeren Aro a Gonar Gwaji

Damilu, Jimeta,
Jihar Arewa maso Gabas,
Afrilu, 1975.

Zuwa ga Mai Girma Babban Shugaban Ofishin Shayar da Fadamu da Ƙaruwar Albarkar Ƙasa, uban injin, maigidan magudanar ruwa, wanda alƙalaminsa ke sa shinkafa ta yi ido tun daga Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da durƙusawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta fankar ofis, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Sunana Bobboyi ɗan Salihu. Ni da makaranta a aji huɗu muka rabu, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. Ni ne mai gonar ƙarshe a fadamar da ofishinka ke shayarwa a gangaren Damilu, can inda magudanar ruwa take ƙarewa. Mu da ke wajen ana kiranmu 'yan wutsiya. Na sa wasiƙar nan a jarida ne don an gaya mini takardar da aka aika ofis takan kwanta ta huta, ita kuwa jarida ko ba a karanta ba za a naɗe ƙosai da ita, wani ya gani.

Makon jiya masinja ya kawo mana sanarwa mai hatimi. Ta ce duk manomin da abin da ya noma bara bai kai rabin na Gonar Gwaji ba, to rago ne, za a karɓe gonarsa bayan girbin bana a ba mai himma. Sunana ne na farko. Tunda nake ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, saboda haka na gode. Da na karanta wa mahaifiyata, Dada Asta, sai ta ce in tambaya ko akwai kyauta.

Gonar nan ita ce tukunyarmu, ba mu da wata. Ba gardama na zo yi ba, wane ni. 'Yan koke-koke ne na ɗan ƙasa, na jera su da lamba don na lura a ofis abin da ba shi da lamba ba ya shiga ido.

Na ɗaya. Na je ofishinku na Yola don in ga abin da aka auna ni da shi. Akawu ya nuna mini wata takarda a bango mai jan layi, ya ce wannan layi shi ne amfanin fadamarmu shekara da shekara. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin gwanin hawa irinsa ba, ko masu hawan giginya. Ya faro daga ƙasa, ya hau, ya ƙara hawa, har takarda ta ƙare aka manna masa wata a sama. Akawu ya ce bana ana sa ran zai kai inda tsaka take kwana. Na karkata kai na dube shi a juye, ko an manna takardar ne kai ƙasa, sai na ga ko a juye hawa yake yi. Lalle an yi aikin ilimi.

Ni ba ni da jan alƙalami, amma ina da nawa ma'aunin. Girbin farko, da amalanke muka kwaso shinkafar gonarmu, sai da shanun suka yi fushi. Shekarar da motoci suka koma hannun dama, jaki ne ya kwaso. Shekarar da fam ya zama naira, keke na ara. Bara kuwa ni da Dada mun isa, a ka, kuma ba wanda wuyansa ya yi ciwo. Haka labarin yake ga dukan 'yan wutsiya. To ina tambaya cikin ladabi, layin nan na wace fadama ce? In akwai wata a bayan tamu, a nuna mana hanya mu je mu yi kallo.

Na biyu, kuma shi ne mai tsawo, a gyara zama. Ka san al'adarmu ta jere. In za a kai amarya, kwanukan gidansu kuma ba su isa cika bango ba, maƙwabta sukan kawo nasu. Wannan ta kawo langa, waccan tasa, wata fanteka, a jera har sama. 'Yan ganin ɗaki su zo su yi guɗa su tafi, bayan kwana biyu kowacce ta zo ta ɗauki kayanta. Ba mai kiran wannan ƙarya. Sutura ce. Kowa ya sani, har su 'yan ganin ɗakin, don su ma da na aro aka kai su.

Shekarar da aka gama yaƙi aka kafa mana injin ban ruwa a bakin kogin Binuwai. Aka ware gona guda a gefen hanya, aka kafa mata allo, aka ce ita ce Gonar Gwaji, daga gare ta za mu koyi noma. Aka ba ta malamin gona, Malam Nicodemus, mutumin Numan, mutumin kirki wanda ke cin tuwo da mu ba ya neman cokali. Irin da za a shuka mata ya taso daga Maiduguri a tsanake, bai iso ba sai da tamu shinkafar ta kai gwiwa. Da girbi ya zo, abin da Gonar Gwaji ta bayar kaji biyu za su yi faɗa a kai. Ga shi an ce manyan baƙi na tafe da sikeli. Malam Nicodemus ya zauna a gindin allo ya riƙe kai. Bai cika shekara a aiki ba, matarsa Rebeka kuma na da tsohon ciki.

Jauro Bappayo, mai unguwarmu, ya tara mu. Ya ce, “Amarya dai tamu ce, ɗakinta kuma wayam. Baƙo zai taso tun daga Borno ya zo ya yi wa bango guɗa? Kowa ya kawo kwanonsa.” Muka ce, “To, Barkama,” wato ranka ya daɗe da Fillanci. Kowa ya kai buhu ɗaya ko biyu, aka jera a bakin Gonar Gwaji gwanin sha'awa. Dada ta yage bakin wani tsohon zanenta shuɗi ta ɗaura wa namu a kunne, don kada ya ɓace a gidan biki. Baƙi suka zo, suka auna, suka rubuta, suka sha fura da nono, suka yaba, suka tafi. Kowa ya ɗauki buhunsa. Muka kwana da farin ciki mun fita kunya.

Kuskurenmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Mun ɗauka kun san jere. Ashe ku wasu irin 'yan ganin ɗaki ne da ba mu taɓa gani ba, masu ƙirga kwanuka su rubuta, su aiko takarda cewa baɗi a ƙara. Da baɗin ya zo, Gonar Gwaji ta yi abin kirki da kanta, amma bai kai na bara ba, tunda na bara gari guda ne ya noma shi. Za a ce amarya ta rame? Aka sake jere, aka ɗora. Wata shekara Malam Nicodemus ya ce a rage ko kaɗan, layi ya ɗan huta. Sai ga takardar tuhuma, ana tambayarsa dalilin da ya sa yake riƙe wa jiha ƙafa. Tun daga nan bai ƙara ba. Ina tambaya, wace amarya ce ake kai wa ɗaki kowace shekara, kuma kowace shekara sai kwanukanta sun fi na da?

Za ka ce me ya sa mu 'yan wutsiya muka fi ba da aro. Gonakin bakin hanya ana hango buhunansu daga cikin mota, ba dama a taɓa. Mu kuwa ido ba ya kai wa gare mu. Shekarar farko buhu ɗaya na bayar cikin masu yawa. Bara duk abin da na noma aka ara, har da igiyar ɗauri.

Na uku. Ina da ƙorafi a kan yawon da shinkafata ke yi ba tare da ni ba. Da mutanen Sangere, can ƙetaren kogi, suka ji yadda muka fita kunya, su ma aka kafa masu tasu Gonar Gwajin, sai jauronsu ya aiko wa namu goro. Maƙwabci ya roƙi kwano, a hana shi? Saboda haka da kun gama awo a wurinmu kun tafi masauki cin abinci, sai a ɗora buhunan a kwale-kwale su riga ku ƙetarewa. Gobe ku tarar da su a Sangere sun yi sahu suna jiranku. Kun auna su a can, kun yaba, har ɗaya daga cikin baƙi ya ce shinkafar Sangere ta fi tamu cika ido. Ban ji haushi ba. Ruwan da ta gani a ƙetarawar nan ya fi duk wanda ta gani a gona, dole ta yi kyau.

An ɗauki hoto ma. Yana nan rataye a ofishinku na Yola, kusa da jan layi. Kai ne a tsakiya, Allah ya ƙara girma, ka dafa wani buhu kamar ɗan da ya ci jarrabawa. In ka duba kunnen buhun za ka ga ƙyalle. Na zanen Dada ne. Ni ban taɓa ƙetare kogi don taryar manya ba, ban taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, babban mutum bai taɓa dafa kafaɗata ba. Shinkafata ta yi duka ukun. Yanzu in ta dawo gida da ƙyar take dahuwa, sai an lallashe ta.

Na huɗu, maganar ruwa. Da ofis ya ga layi na hawa, sai ya yi lissafi mai kyau, ya ce ruwan da ya ba da wannan albarka ai ya yi yawa. Aka yanka sababbin gonaki a kan magudana kusa da injin, aka raba wa manyan ma'aikata da 'yan kasuwar unguwar Alkalawa. Injin kuwa shi ne dai na da, mai tari kamar tsoho. Shekara ta zagayo, layi ya ƙara hawa, aka ƙara gonaki, aka rage man injin, wai ƙasa ta saba. Na je na sami Ephraim mai kula da injin, ya ce, “Bobboyi, duba aljihuna, ba na ɓoye ruwa. In na tashe shi da safe, kafin ya gama gaida manya ya iso wurinku, mai ya ƙare.”

Gaskiyarsa. Ruwan ofishinku mai tarbiyya ne, ba ya wuce babba bai tsaya ba. Yakan shiga gonar Alhaji Bawa, babban ɗan kasuwar da ke gaba da kowa, ya zauna a yi hira, a tambayi iyali. Ya fito ya shiga ta gaba. In ya kai tsakiyar fadama ya gaji, ya nemi inuwa. Abin da ke isowa gare ni gaisuwar saƙo ce: ɗan danshi, da kwaɗo guda da ya tako a ƙasa ya ce ruwa na gaishe ni.

Wato, ranka ya daɗe, buhun da na ba da aro shi ya sa aka rage mini ruwa, rashin ruwa ya sa buhunana suka ragu, raguwarsu ta sa baɗi sai an ari duka. A makarantar da kuka yi, me ake kiran mutumin da ya ara wa maƙwabcinsa tsani, maƙwabcin ya hau ya yaye masa jinka? Mu a nan, bisa ga sanarwarku, rago ake kiransa.

Na biyar. Takin zamani ya iso lafiya, ranar da muka gama sussuka. Mun gode. Yana gaishe ka.

Na shida. Tun da aka kafa injin, ƙafar ofis ba ta taɓa taka wutsiyar fadama ba. Bara sai Allah ya kawo sabon akawu, Malam Boaz, mai keke da sikelin rataya da son aiki. Ya ce shi sai ya auna kowace gona da idonsa. Ya turo kekensa har gonata, rigarsa jiƙe da gumi, a ranar da buhunana ke tsakiyar kogi a kan hanyar Sangere. Ya tarar da masussuka a share. Ya ce, “Ina amfanin?” Na dubi Dada, Dada ta dubi ƙasa. Ana gaya wa baƙo a ɗakin amarya cewa kwanukan na aro ne? Sai Dada ta ce, “Ɗana, ta ɗan fita unguwa.” Ya duba takardarsa sama da ƙasa ya ce, “Mama, ba a ba ni gurbin rubuta unguwa ba.” Na nuna masa tulin karan da muka buge, ya ce ya gani, amma kara ba ya hawa sikeli. Ya auna abin da ya samu, ƙwaryar iri guda, ya rubuta. Dada ta ɗebo masa ruwa a randa ya sha, ya yaba sanyinsa, ya ce lalle mutanen nan suna jin daɗin injin. Daga kogi ta ɗauko shi a ka.

Ba na ƙarar Malam Boaz. Shi kaɗai ne ya taɓa zuwa, kuma abin da ya gani ya rubuta. A ƙara masa girma, in ya so a rage masa keke. Abin da nake nema a duba mini shi ne wannan: shinkafa ɗaya, an auna ta a Gonar Gwaji aka ce gwaninta, an auna ta a Sangere aka ce ci gaba, an nemi ta a gidansu ba ta nan aka ce lalaci. Sau biyu ta ci, ni sau ɗaya na faɗi. Yaya ake wannan rabo?

Na bakwai. A garinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Ko goro ne, ko ɗan cincin, akan sa a ciki a ce a gaida mai kwano. Shekara huɗu muna ba ofishinka aro, buhunan sukan dawo da ƙurar hanya, wani lokaci da huda inda aka zura hannu don a ga ido. Ba mu taɓa cewa komai ba. Aron ma ya girmi shinkafa. Kafin injin, mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jigo yake ban ruwa a wannan wuri, yana noman albasa da tumatir, bai taɓa jiran kowa ya tashe masa ruwa ba. Da kuka zo aka cike rijiyar, aka sauke jigon, aka ce zamani ya zo. Sandar jigon kuwa doguwa ce miƙaƙƙiya, sai aka are ta aka kafa allon Gonar Gwaji da ita. Tana nan har yau tana riƙe da sunanku. Tukuicin da muke roƙo ba mai nauyi ba ne. A ce wa Ephraim wata rana ya fara sakin ruwa daga wutsiya, manya su yi haƙuri su karɓi gaisuwar saƙo ko sau ɗaya a mako. In hakan ya saɓa wa doka, a mayar mini da sandar babana in sake haƙa rijiya. Allon a jingina shi da jan layin nan, ai ya yi tsawon da zai ɗauki kaya.

Ranka ya daɗe, kada ka ce na tona asirin amarya ba izini. Na je na durƙusa gaban Jauro, ya ce, “Mayafin da ya fara shaƙe mai shi, a yaye.” Na sami Malam Nicodemus, ya ce, “Rubuta, ɗan'uwa. Ni na rubuta sau biyu, aka amsa mini da taya murna.” Ina roƙon kada a taɓa shi. Kunyarku ya ji, mu kuma muka ji tasa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni mai haƙuri ne, kowa a Damilu zai shaida, dutse kuma akwai shi a gonata. Amma ko dutsen da ruwa ake dafa shi.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi damuna, kuma ba kaina nake ji ba, layin nake tausayi. Sunayen da ke cikin sanarwarku duka 'yan wutsiya ne, wato duk masu kwanukan. In an kore mu, wa zai yi jeren baɗi? Na ji ƙishin-ƙishin Alhaji Bawa ne zai karɓi tawa. Allah ya sanya albarka, amma Alhaji ko wuta ka je ɗiba gidansa sai ya tambayi ranar da za ka mayar. Ranar da kuka kore mu, ranar layinku zai zamo daga bango kamar ƙadangaren da ya taka mai. Me za a gaya wa tsaka? Me za a yi da takardar da aka manna a sama?

Saboda haka ga shawarar ƙaramin yaronka, wadda ba za ta sa a soke doka ko harafi ɗaya ba. Sanarwa ta ce a karɓe gonar rago a ba mai himma. Na yarda, a karɓe. Mai himma kuwa ba sai an sha wahalar nemansa ba, shi ne mai buhun da ka dafa a hoto. Sauran zanen yana nan a akwatin Dada, ta ce a kawo ƙyallen a gwada, yagar za ta haɗu. In an karɓe daga hannun Bobboyi rago, a miƙa wa Bobboyi gwani. Ɗaki ɗaya suke kwana, masinja ba zai yi sawu biyu ba.

Girbin bana ya kusa. Jauro ya yi shela cewa ba jere, kowane kwano ya zauna gidansu. Shinkafata ma ta ce ta gaji da yawo, wanda ke son ganinta ya zo ya same ta a ɗakinta. Muna gayyatarka da girmamawa, kai da sikelinka da mai hoto. In mota ta tsaya a wurin allo, ku sauka ku shiga cikin magudana ku miƙe, ita ce hanya mafi sauƙi, za ta kawo ku har ƙofar gonata. Kada ka wahalar da kanka da takalmin ruwa. Sa farin nan naka na zuwa ofis, da yardar Allah yadda ka shigo da shi haka za ka fita.

Allah ya ja zamaninka, ya ɗaukaka kujerarka fiye da layin, ya sa ta fi shi tushe.

Naka mai biyayya, mai ladabi, mai jiran ruwa,

Bobboyi Salihu,
na ɗaya a ragwaye, na tsakiya a hoto,
gonar ƙarshe, inda kwaɗo ke juyawa.